Rariyar Harvard: wa ya ƙirƙiro wahalar karatun lauya?

Cikin hutun da ya wuce, wata yarinya da na karantar a ajin CM2 shekaru tara baya ta zo gaishe ni. Yanzu tana karatun shari'a a jami'a. Da na ga yadda ta zube sai na ce, "Ɗiyata, lafiya kuwa?" Ta yi murmushi ta ce, "Lafiya lau, Mushe, barci ne kawai ba na samu." Da yamma na kawo zancen a fada, muna jiran shayi na biyu. Wani abokin aikina bai bari na kai aya ba. Ya ce karatun shari'a ba na rago ba ne, wanda gobe zai tsaya gaban alƙali da ran mutum a hannunsa dole a gasa shi tun yau, kuma jami'a ba gidan raino ba ce. Ya rufe da cewa karatu farkonsa maɗaci ne, ƙarshensa zuma.

Ban yi mashi gardama ba a wurin, don akwai gaskiya cikin maganarsa. Amma na san wannan magana ba shi ya fara ta ba. Akwai ƙasar da aka kwashe fiye da shekara 150 ana yin ta, aka gina makarantu a kanta, daga baya aka zo aka auna abin da ta haifar da alƙaluma. Ƙasar ita ce Amurka. A can ne tambayar nan ta fi yin zafi, wato ko aikin makarantar lauyoyi ne ta kula da damuwar ɗalibanta ko kuwa ta bar kowa da halinsa. Duk wanda ya bi tarihin zai ga cewa matsin da ake cewa ɗabi'ar karatun shari'a ne, wasu mutane ne suka zauna suka tsara shi, a shekarun da aka sani, saboda dalilan da aka sani.

Kafin 1870, mafi yawan lauyoyin Amurka ba su taɓa shiga makarantar shari'a ba. Yaro yakan zauna a ofishin wani tsohon lauya yana kwafar takardu, yana karanta littafin Blackstone na dokokin Ingila, har ranar da alƙali zai yi mashi ƴan tambayoyi ya ba shi izinin aiki. Abraham Lincoln ma aron littattafai ya yi ya karanta da kansa, ya samu izininsa a 1836. Makarantar shari'a ta jami'ar Harvard tana nan tun 1817, amma ba wani abin tsoro ba ce. Malami ya karanto darasi, ɗalibi ya rubuta ya haddace. Wanda ya zauna wata 18 ya biya kuɗinsa ana miƙa mashi takardar shaida, ba tare da jarabawa ba.

Sai aka yi sabon shugaban jami'a a 1869, Charles Eliot, masanin kimiyyar sinadarai. Shi ya ɗauko wani lauya daga New York mai suna Christopher Columbus Langdell ya ɗora shi a kan makarantar shari'a a 1870. Langdell ɗan talakawa ne, an haife shi a ƙauye cikin jihar New Hampshire a 1826, ya yi aikin masaƙa kafin ya samu hanyar karatu, kuma rashin kuɗi ya taɓa fitar da shi daga Harvard ɗin. A New York ba a san shi da tsayuwa gaban kotu ba. Mutumin ɗakin littattafai ne. Ra'ayinsa shi ne shari'a kimiyya ce kamar sauran kimiyya, hukunce-hukuncen da alƙalai suka yanke su ne kayan gwajinta, ɗakin littattafai kuma shi ne ɗakin gwajin.

Darasinsa na farko ya zama labari. Maimakon ya karanto ma ɗalibai ƙa'idojin ciniki su rubuta, sai ya kira sunan ɗaya daga cikinsu ya ce ya faɗi abin da ya faru a wata tsohuwar shari'a ta Ingila, ta 1789, tsakanin Payne da Cave. Shari'ar gwanjo ce. Mutum ya yi tayi mafi tsada, sannan ya janye tayinsa kafin mai gwanjo ya buga guduma. Ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba? Kotu ta ce bai faɗa ba, tun da ba a sallama ba. Langdell bai tsaya nan ba. Ya kira na biyu ya ce ya kawo hujjar mai ƙara, ya tambayi na uku ko ya yarda da hukuncin, in ya yarda don me, in an canza wannan ɗan abu fa? Amsa ɗaya tana jawo tambaya uku, malamin kuma ba zai ce ga daidai ba. Wannan ita ce hanyar da aka laƙaba ma sunan Sokrat, wanda duk ɗan ajin ƙarshe na lise ya sha jin labarinsa a darasin falsafa.

Ɗalibai suka ƙi ta. Suka ce sun biya kuɗi don a gaya masu doka, ga malami yana tambayarsu ra'ayinsu kamar shi ma bai sani ba. Waɗanda suka ga lokacin sun ba da labarin cewa ajin ya watse har ya rage mutum bakwai ko takwas. Yawan masu shiga makarantar ya ragu, kuma a 1872 aka buɗe wata makarantar shari'a a jami'ar Boston da ta riƙe tsohon salon koyarwa. Eliot ya tsaya bayan mutuminsa. Langdell ya zauna kan kujerar har 1895, ya kawo jarabawar ƙarshen shekara, ya tsawaita karatun zuwa shekara uku, ya share hanyar da ta kai ga cewa sai mai digirin farko ne zai shiga. Har yau haka tsarin yake a Amurka: shekara huɗu ta jami'a tukuna, sannan uku ta shari'a.

A matsayina na malami ba zan zagi wannan hanya ba. Mu da muka fito daga makarantar horon malamai mun san wuyar raba yaro da hadda. Abin da Langdell ya nema, wato ɗalibi ya ciro ƙa'ida da kansa daga cikin misalai, shi ne abin da ake ta gaya mana a kowane taron ƙara wa juna sani, muna komawa aji mu kasa yi saboda yara 80 ne gabanmu. Hanyar tana kaifafa tunani ƙwarai. Louis Brandeis, wanda ya zama alƙalin kotun ƙoli a 1916, yana cikin waɗanda suka fara cin amfaninta, ya gama a 1877 da makin da aka daɗe ba a kamo ba. Sai dai ko shi ya biya da jikinsa. Karatu a hasken fitilar gas ya lalata mashi ido har likita ya ba shi shawarar ya bari, shi kuwa ya riƙa biyan abokan karatunsa suna karanta mashi a bayyane yana haddacewa.

Tambaya da amsa kaɗai ba ta sa mutum rashin barci. Abin da ya mai da ita bulala ya zo ne bayan Langdell, kuma kuɗi na ciki. Makarantar shari'a ta Harvard da kuɗin ɗalibai take rayuwa. Hanyar Sokrat kuma tana da araha, malami ɗaya zai iya riƙe mutum sama da 100 a zaure guda, ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko asibiti kamar masu karatun likita. Sai makarantar ta buɗe ƙofa ga kusan duk wanda ya zo da digiri daga kwalejin da ta yarda da ita, ta karɓi kuɗinsa, ta bar jarabawar ƙarshen shekara ta farko ta yi tankaɗe. A shekarun 1920 da 1930 wajen kashi ɗaya cikin uku ne ba sa tsallakewa. Daga nan ne labarin nan ya samo asali, wanda kowane lauyan Amurka ya sani, cewa ranar farko malami yakan ce ma sababbi kowa ya dubi na damansa ya dubi na hagunsa, domin ɗaya cikin ukun ba ya nan baɗi.

Wanda ya fi shahara da wannan hali shi ne Edward Warren, malamin da ɗalibai suka yi ma laƙabi da Bijimi saboda yadda yake tunkuyin mutum a aji. Bai ɓoye ba. A 1942 ya fitar da littafi mai suna Spartan Education, yana kwatanta tarbiyyarsa da ta mutanen Isparta na tsohuwar Girka da suke horar da yaransu da yunwa da sanyi don su zama mayaƙa. Hujjarsa ita ce dai hujjar abokina na fada: gara yaro ya sha kunya a aji da ya sha ta a kotu, inda wani ne zai biya kuɗin kuskurensa.

Rariyar tana da mai jiran abin da ya fito daga ƙasanta. Tun farkon ƙarni na 20, wani lauya a New York mai suna Paul Cravath ya kafa tsarin ɗaukar ma'aikata da manyan ofisoshin lauyoyi suka kwaikwaya. Ba ruwansa da ɗan wane. Yana ɗaukar waɗanda suka zo kan gaba a aji ne, musamman waɗanda makinsu ya ba su kujera a mujallar shari'a ta ɗalibai, irin Harvard Law Review da aka kafa a 1887, wadda Barack Obama ya shugabanta a 1990. A lokacinsa wannan ci gaba ne, don ya ba ɗan talaka mai ƙoƙari hanya. Amma ya mai da makin shekara ta farko tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Jarabawa ɗaya ta awa uku ko huɗu, a ƙarshen zango, ba gwaji kafinta, ita za ta faɗi ofishin da mutum zai shiga da albashin da zai ci.

A 1948 aka fara wata jarabawa ta shiga makarantun shari'a, LSAT. Sannu a hankali tankaɗen ya koma bakin ƙofa. Manyan makarantu suka daina korar kashi ɗaya cikin uku, tun da sun riga sun zaɓi gwanaye kafin su shigo. Da dalilin tsananin ya gushe, da hankali sai tsananin ya bi shi. Bai bi shi ba. Abin da ya maye gurbin kora shi ne kason maki na tilas, kuma a nan nake so ƴan uwana malamai su tsaya su duba da kyau. A wurinmu, in yara 40 suka amsa daidai, 40 ɗin za su samu 16 bisa 20. A mafi yawan makarantun shari'a na Amurka an ƙayyade ma malami tun kafin ya buɗe takardu: kaɗan ne za su samu makin sama, mafi yawa tsakiya, wasu dole ƙasa. Ka tara mutum 80 waɗanda kowannensu shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito, ka ce rabinsu dole su zama ƙasa da rabi, ko me suka rubuta. Abokin zamanka ya zama abokin hamayyarka, don duk makin da ya samu daga kasonka aka ɗebe shi. Ni ban ga abin da wannan ya koya ma mutum game da dokar ciniki ko ta gado ba. Amfaninsa ɗaya ne, ya jera ɗalibai a layi don ofisoshin da za su ɗauke su su huta da bincike.

Mata da suka shigo sun tarar da ƙari. Sai a 1950 Harvard ta fara karɓar mata a makarantar shari'a. A 1956 Ruth Bader Ginsburg ta shiga, mata tara cikin aji na mutum sama da 500. Shugaban makarantar, Erwin Griswold, ya gayyace su cin abinci ya tambayi kowacce dalilin da ya sa ta tare gurbin da namiji zai samu. Tana da ƙaramar ɗiya, mijinta kuma, wanda shi ma ɗalibi ne a wurin, ya kamu da ciwon daji, sai ta haɗa karatunta da nashi. Ta ƙare a jami'ar Columbia a 1959 tana sahun farko, daga baya ta zama alƙaliyar kotun ƙoli. Masu son tsanani suna jin daɗin kawo irin labarinta, su ce ga shi wuya ba ta kisa. Amma waɗanda suka tsira ne ake rubuta tarihinsu. Wanda ya tattara kayansa cikin dare ya koma garinsu, ko wanda ya gama amma ya fito da kwalba a aljihu, ba a kiransa ya yi jawabi ranar bikin yaye ɗalibai.

Jama'ar gari sun fara leƙa cikin ajin ne ta hanyar labarai. Littafin The Paper Chase na 1971, wanda aka mai da fim a 1973, da One L na Scott Turow a 1977, duk ɗaliban Harvard ne suka rubuta su, duk kuma kan firgicin shekara ta farko suke. Abin mamaki, maimakon su kori matasa, sai suka ƙara ma wahalar kwarjini. Mutum ya riƙa alfahari da ita kamar tsohon soja da tabonsa.

Alƙaluma sun zo a 1986. Andrew Benjamin, wanda ya haɗa ilimin shari'a da na halayyar ɗan Adam, shi da abokan aikinsa suka bi ɗaliban shari'a na jami'ar Arizona tun kafin su fara karatu har bayan sun gama. Wannan "tun kafin" shi ne ƙashin bayan binciken, don abin da malamai suka saba faɗa shi ne masu damuwa ne dama suke zaɓen karatun lauya. Sakamakon ya ƙaryata haka. Kafin su shiga, lafiyar zuciyarsu daidai take da ta sauran jama'a. Cikin ƴan watanni alamun ciwon damuwa da fargaba suka hau, suka ci gaba da hawa har shekara ta uku, inda kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na aji ke ɗauke da alamun da suka wuce kima. Ko bayan shekara biyu da fita ba su koma yadda suka shiga ba.

A 2004 Kennon Sheldon da Lawrence Krieger suka sake aunawa a wasu makarantu, suka samu irin wannan faɗuwa, da wani abu da ya fi ba ni tsoro a matsayina na malami. Burin ɗaliban ne ya canza. Wanda ya shigo don ya kare marasa gata, kafin shekara ta zagayo hankalinsa ya koma kan matsayi da yadda mutane ke kallonsa. A 2014 aka tambayi ɗalibai sama da 3,000 a makarantu 15. Kashi 17 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa, kashi 37 suna da na fargaba, kashi 42 sun ce sun ji suna buƙatar taimako cikin shekarar, amma wajen rabinsu ne kawai suka je wurin mai ba da shawara. A 2016 wani bincike a kan lauyoyi kusan 13,000 da ke bakin aiki ya nuna mutum ɗaya cikin biyar yana shan giya ta hanyar da ke cutar da shi, kashi 28 suna da alamun ciwon damuwa, kuma matasan da ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba su ne abin ya fi kamawa.

Me ya hana rabin nan neman taimako? Kunya na ciki, amma akwai abin da ya fi kunya. A Amurka kowace jiha ke ba da izinin aikin lauya, kuma bayan jarabawa akwai binciken hali. Shekaru da yawa takardar binciken tana tambayar mai nema ko ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Wanda ya ce e, ana iya neman takardunsa na asibiti, a jinkirta izininsa, ko a ba shi da sharaɗi. Wanda ya ce a'a alhali ya je, ya yi ƙarya a kan rantsuwa. Gaba kura, baya siyaki. Ɗalibi mai wayo sai ya zaɓi hanya ta uku, wato kada ya je ko kusa da likitan. A binciken 2014 kusan rabin ɗaliban sun ambaci wannan tsoro. Hukumar da aka kafa don ta kare jama'a daga lauya marar lafiya ita ce ta koya ma lauyoyin gobe su ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu.

An daɗe ana kokawa da tambayar. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta ba da makami, a 1995 wata kotun tarayya ta soke tambayar a yadda jihar Virginia ke yin ta, bayan wata mai neman izini ta ƙi amsawa ta kai ƙara. A 2014 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta sa kotun ƙolin jihar Louisiana ta sake tsarinta. A 2019 taron manyan alƙalan jihohi ya nemi a cire irin waɗannan tambayoyi a duba halin mutum da aikinsa kawai, New York kuma ta cire tata a 2020. Daga hukuncin Virginia zuwa nan shekara 25 ke nan, a kan layi ɗaya cikin takarda.

Yanzu bari in koma ga hujjar Bijimi da ta abokina, don ba hujjar banza ba ce. Kotu ba wurin lallashi ba ce. Alƙali zai katse ka, lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi kuskurenka da fitila, wanda kake karewa kuma yana iya kwana kurkuku saboda ka daburce. Makarantar da ta yaye mutumin da bai taɓa jin zafin tambaya ba ta cuci talakan da zai ba shi amanarsa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka duk abin da ke sa ɗalibi kuka yana ƙara mashi ƙwarewa. An gwada wannan ma. A 2007 Sheldon da Krieger suka kwatanta makarantu biyu. A wadda ɗalibai suka ce malamai na sauraronsu, suna bayyana masu dalilin dokokin makaranta, suna ba su zaɓi inda zai yiwu, lafiyar zuciya ba ta faɗi sosai ba, sakamakon jarabawar shiga aiki kuma ya fi kyau. Kowane malamin firamare ya san haka ba tare da bincike ba. Yaron da ke kallon bulala ba ya ganin allo.

Akwai kuma misalin jami'ar Yale. Tun ƙarshen shekarun 1960, bayan boren ɗalibai, makarantarta ta shari'a ta daina ba da maki na lamba, zangon farko ma ci ko faɗuwa ne kawai, ba a kuma jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Stanford ta bi irin wannan hanya a 2008, Harvard kanta ta yanke shawarar haka a zamanin shugabancin Elena Kagan, wadda ɗalibai ke tunawa da ita har da kofi kyauta da ta sa ake ba su da safe. Ba a ji lauyoyin Yale sun zama ragwaye ba. Huɗu daga cikin alƙalai tara na kotun ƙolin Amurka daga can suka fito: Thomas, Alito, Sotomayor da Kavanaugh. Sai dai a faɗi gaskiya, Yale tana iya yin haka ne domin sunanta kaɗai ya ishi ɗalibinta samun aiki. Ƙaramar makaranta da ba ta da suna, jeren makin nan shi ne abin da take nuna ma masu ɗaukar aiki, ba za ta yar da shi cikin sauƙi ba.

A takarda, muhawarar ta ƙare. A 2017 wani kwamiti na ƙasa ya fitar da rahoto kan walwalar lauyoyi da shawarwari ga makarantu, a 2022 kuma ƙungiyar lauyoyin Amurka, wadda ita ce ke tantance makarantun shari'a, ta sa cikin sharuɗɗanta cewa dole kowace makaranta ta sanar da ɗalibai inda za su samu taimako kan lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. An samu masu ba da shawara, an samu ranakun wayar da kai. A 2011 ɗakin littattafan shari'a na Yale har kare ya ajiye, mai suna Monty, ɗalibi ya are shi na rabin awa kamar littafi ya shafa shi hankalinsa ya kwanta. Mu nan abin dariya ne, su can sun ɗauke shi da gaske.

Amma da aka maimaita binciken 2014 a 2021, a makarantu 39, masu cewa suna buƙatar taimako sun tashi daga kashi 42 zuwa kusan 70, waɗanda suka yi tunanin kashe kansu cikin shekarar kuma daga kashi 6 zuwa 11. Annobar korona na da hannu, raguwar kunyar faɗa ma na da hannu. Duk da haka, a ganina babban dalili shi ne an ƙara ofis a gefen gini ba a taɓa ginin ba. Kason maki na tilas yana nan a mafi yawan makarantu. Jarabawa ɗaya tal a ƙarshen zango tana nan a darussa da yawa. An kuma ƙara wani nauyi da Langdell bai sani ba, wato bashi. Ɗalibi da yawa yana fita da bashin da ya haura dalar Amurka 100,000, sama da miliyon 50 na sefa ke nan, kuma aikin da zai biya shi da sauri yana hannun waɗanda suka zo sama a layi. A 2015 Krieger da Sheldon suka tambayi lauyoyi sama da 6,000, suka tarar makin makaranta da kujerar mujallar ɗalibai kusan ba su da alaƙa da kwanciyar hankalin mutum a rayuwarsa ta aiki, masu aikin kare talakawa da ƙaramin albashi ma sun fi na manyan ofisoshi jin daɗin ransu. Abin da yara ke hana kansu barci a kai ke nan.

Shi ya sa nake ganin tambayar tun asali an karkata ta. Ana yin ta kamar damuwa baƙuwa ce da ɗalibi ya shigo da ita daga gida, makaranta kuma tana shawarar ko ta yi mashi alfarma. Alhali ita ce ta yanke cewa jarabawa ɗaya ce, ita ce ta yanke cewa rabi dole su zama ƙasa, ita ce ta sa farashi. Tambaya mai zafi a aji tana cikin koyarwa, a bar ta. Sauran kuwa an kafa su ne don a rage cunkoso a 1925 ko don a sauƙaƙa ma ofishin New York zaɓe.

Tsangayoyin shari'a da muka gada daga tsarin Faransa ba su san hanyar Sokrat ba, malami ne ke zuba darasi a amfi ɗaruruwa na rubutawa, ba kuma bashin miliyoyi. Amma ta fuska ɗaya sun yi kama da Harvard ta zamanin Bijimi: mai bak yana samun ƙofa, shekara ta farko ce rariya. Ɗalibata ta tsallake tata. Da za ta tafi na tambaye ta ko akwai wanda take gaya ma in abin ya yi mata yawa. Ta ɗan yi shiru, ta ce akwai wata ƙawarta da suke ɗaki ɗaya, amma ita ba ta tsallake ba, ta koma gida.